Nasani da Dutse Mai Shan Ruwa

A duk layin babu wanda ya tuna sunan da aka raɗa wa mai askin da ke jikin shagon walda. Nasani kowa ke ce masa, kuma da bakinsa ya saya wa kansa sunan. Ka fara ba shi labarin ciwon haƙorinka, kafin ka kai rabi ya ce, "Na sani." Ka ce jirgi ya nutse a teku, ya sani. Wata rana wani ya faɗo shagon a guje zai gaya masa ga ɓarawo can yana tura babur ɗinsa, ya ɗaga masa hannu ya ce ya sani. Sai da ya gama askin da ke gabansa sannan ya leƙa waje yana tambayar ina babur.

Aski kam ya iya, wannan ba mai ƙwace masa. Yana kuma da gashin baki mai kauri, murɗaɗɗe ta gefe biyu, wanda yake shafa wa mai tun kafin ya wanke ido. Shi ne allon tallarsa, in ji shi.

Abin da ya hana shi barci shi ne Dogo, wani mai askin da ya buɗe shago a tsallaken titi ya kafa akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye ja da rawaya suna yawo a ciki. Mutane kuwa ba su da alƙawari. Waɗanda Nasani ya yi shekaru yana kankare wa ƙeya suka koma can, wai suna jiran layi suna kallon kifi. Nasani ya zauna yana kaɗa ƙuda da tawul, zuciyarsa na tafasa.

A gida kuma akwai Baba, mahaifin matarsa, wanda ke zaune a ɗakin baya. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a wurin fasa dutse. A can, in aka fasa baƙin dutse, wani lokaci sai a tarar da ɗan kogo a cikinsa, a cikin kogon kuma wasu duwatsu sun tsiro kamar furanni. Ziyolait ake ce musu, su da 'yan uwansu da suke tsirowa tare. Sauran ma'aikata su zuba a mota a kai a niƙe, Baba kuwa ya naɗe nasa a tsumma ya kai gida. Haka ya tara kabad guda. Akwai mai launin ruwan goro kamar ƙaramin damin alkama, akwai kore shar mai ɗaukar ido kamar gilashi, akwai mai farin allurai da suka baje ta ko'ina, akwai wanda 'yan dunƙulen farin gashi suka zauna a kansa kamar auduga.

Amma wanda ya fi so yana cikin wata kwalba mai faɗin baki, a nutse cikin ruwa. Sanduna ne farare masu ɗan ja-ja, a tsaitsaye. Ranar da aka haifi Auta, matar Nasani, ranar ya fasa dutse ya same shi, kuma tun daga ranar bai taɓa barin ruwan kwalbar ya ragu ba. Da yanar ido ta rufe masa gani, da yatsa yake auna ruwan. Auta ta yi magiya har ta gaji a kan a yi masa aikin ido yana ƙi, sai da ta ce, "Baba, ba ka son ka sake ganin dutsenka?" Sannan ya ɗauki hularsa.

Tsakanin Baba da Nasani kuwa sai a hankali. Ko yana tsaye a gabansa, Baba cewa yake, "Auta, ce wa mai askin nan ya matsa, ya tare mini iska." Wannan abu yana ci wa Nasani rai, don ba abin da yake so irin ranar da tsohon zai yabe shi ko da sau ɗaya ne.

Ranar tafiya asibiti, wanda ke wani gari mai nisa, Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi masa magana kai tsaye.

"Kai mai aski, ga makullin ɗakina. Ka riƙa duba kwalbar nan, in ruwa ya ragu ka ƙara. Dalili kuwa, shi wannan irin dutsen in ya..."

"Na sani, Baba."

"Me ka sani?"

"Duk na sani. Ku sauka lafiya."

Baba ya juya wajen 'yarsa. "Kin ji ko? Ya sani." Suka shiga mota.

Motar ba ta gama shan kwana ba Nasani ya ari baro. Ya shimfiɗa bargo, ya kwashe kabad ɗin kaf, ya ɗora kwalbar a tsakiya, ya turo har shago yana fito. A ransa ya riga ya gama lissafi: zai kashe kasuwar Dogo, zai goge duwatsun su yi ƙyalli, Baba ya dawo da sabon ido ya gan su fes, ya dafa kafaɗarsa ya ce ashe dai yaron nan mutum ne. Tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga shi kuma duwatsun har sun yi yawa.

Mai Walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya leƙo. "Maƙwabci, gini za ka fara?"

"Gini? Ka wanke idonka. Waɗannan su ake kira ziyolait. Ni na koya wa surukina yadda ake gane su."

"Ashe? Ni na ɗauka yana tara su tun kana rarrafe."

"Tarawa daban, sani daban."

Ya jera su a kan teburin da ke gaban madubi, ya ja baya yana kallo. Sai ya lura da farin dunƙulen nan masu kama da auduga. Ya girgiza kai cike da tausayi. Rashin ido bai yi ba, in ji shi, dubi yadda gizo-gizo ya yi wa tsoho sheƙa a kan dukiya bai sani ba. Ya ɗauko burushin aski da sabulu ya hau dirza. Gashin ya kwanta, ya cure, ya bi ruwa. Da ya gama sai ga baƙin dutse a hannunsa, irin wanda ake tuntuɓe da shi a kowace hanya.

Mai Walda ya ce, "Ina furen?"

"Datti ne. Yanzu ka ga ainihin dutsen."

"Na gan shi kuwa. Akwai irinsa da yawa a bayan shagona, ko in ƙaro maka?"

Nasani bai kula shi ba, ya koma kan mai farin allurai. Akwai ɗan tsatsa-tsatsa a gindinsa, kuma ya sha ganin Mai Walda yana cire tsatsa da ruwan batir. Ya miƙa kofi ya ce a sam masa.

"Maƙwabci, dutse fa ba ƙarfe ba ne."

"Na sani. Dutse ya fi ƙarfe ƙarfi, shi ya sa ma zan ƙara masa lokaci."

Ya tsoma shi ya bar shi ya kwana. Da safe ya zo da cokali zai tsamo, sai ya tarar allurai sun narke sun zama wani abu mai yauƙi kamar sitacin guga. Ya daɗe yana kallon kofin. Daga nan ya tura shi ƙarƙashin benci da ƙafa, ya ce wa kansa dama wannan bai cika kyau ba.

Labari dai ya zaga layi, mutane suka fara leƙowa. Gaskiya kuma abin kallo ne, musamman koren nan in rana ta haske shi. Har mutum biyu daga cikin waɗanda suka gudu suka dawo suka zauna a benci. Nan kan Nasani ya ƙara girma. Ya tuna Baba ya taɓa cewa ma'anar sunan ziyolait ita ce dutse mai tafasa, don haka ya fito bakin titi ya tafa hannu.

"Jama'a, kifi kowa ya san shi, har kyanwa. Amma wa ya taɓa ganin dutse ya tafasa?"

Aka taru. Ya bar wani direba a kujera da rabin aski, ya ɗauko mai ruwan goron nan, ya sa Mai Walda ya kunna wutar gas.

"Ka tabbata?" in ji Mai Walda.

"Kai dai hura."

Abin mamaki, dutsen ya tafasa. Ya kumbura, ya yi kumfa, ya murɗe kamar tsutsa. Jama'a suka ɗauki sowa, Nasani ya shafa gashin baki yana cewa ai ya gaya musu. Bai rufe baki ba abin ya yi tas, wani ɓarɓashi mai zafi ya yi tsalle ya faɗa cikin wuyan rigar direban, wanda ya taso da mayafin aski don kada a ba shi labari. Direba ya yi rawar da bai taɓa yi ba ko ranar bikinsa, ya tsallaka titi da rabin kai, ya faɗa shagon Dogo. Dutsen kuwa ya koma wani farin ƙullutu mai kumfa, ba launi ba fasali.

"Yaushe zai koma yadda yake?" wani ya tambaya.

"In ya huce," in ji Nasani.

Ya huce, bai koma ba.

Da yamma sai ga Dogo da kansa, ya zo dawo da mayafin. Ya zagaya teburin hannu a baya, ya tsaya a gaban kwalba, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce.

"Ashe kai ma kifi ka kawo, abokina. Sai dai naka ya mutu, ba ya motsi."

Benci ya fashe da dariya. Nasani ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Wa ya ce maka kifi ne? Wannan sarkin duwatsu ne."

"To me yake yi a ruwa? Wanka?"

"Tsoho ne ya jiƙa shi saboda ƙura. Dutse ba ya shan ruwa, wannan ko jariri ya sani."

Nan take ya kwance murfin, ya tsamo dutsen, ya watsa ruwan a kwata. Ya kunna injin busar da gashi ya bi shi lungu-lungu har ya bushe ƙayau. Ya shimfiɗa jan ƙyalle a taga, inda rana ke kwana tun safe har la'asar, ya ɗora shi a kai. Kuma a gaskiya ya yi kyau a ranar. Dogo ya juya ya koma shagonsa.

Washegari ɗan ja-jan ya dushe. Nasani ya ce, "Kun gani? Ya fara haske." Bayan kwana biyu ya zama fari fat kamar alli, 'yan tsage-tsage suka fito masa. Nasani ya ce numfashi yake yi, ya daɗe a nutse. Mai Walda ya ce shi dai in ƙarfe ya fara irin wannan numfashin, jefar da shi ake yi.

Ranar da shagon ya fi cika, har da Dogo a bakin ƙofa, Nasani ya tashi zai yi jawabi. Ya sa hannu biyu ya ɗago sarkin duwatsu sama don na baya su gani. Sanda ɗaya ta faɗi. Ta biyu ta bi ta. Kafin ya ce wani abu, dutsen ya zube ta tsakanin yatsunsa kamar gari, ya taru a kan jan ƙyallen. Abin da ya rage a tafinsa ɗan baƙin gindi ne kawai.

Can Dogo ya ce a hankali, "Ashe dai yana shan ruwa."

A daidai lokacin Mai Walda, wanda ke kallon titi, ya ce, "Maƙwabci, waccan motar ba matarka ba ce a ciki?"

Nasani ya leƙa, ita ce kuwa. Ya fizgi mayafin aski ya lulluɓe teburin. Ya naɗe jan ƙyallen, ya duba hagu ya duba dama, bai ga wurin zubawa ba sai kwanon hodar da yake shafa wa mutane bayan aski. Ya juye garin a ciki, ya mayar da soson hodar a kai. Ya juyo ga jama'a ya haɗa hannu biyu yana roƙonsu da ido.

Auta ta shigo riƙe da hannun Baba. Tsohon yana sanye da baƙin tabarau, ƙasumba ta cika masa fuska.

"Sannunku da hanya! Baba, ya jiki? Ku wuce gida mana ku huta, ga makulli, a'a, bari ma in raka ku, ko kuwa ku fara zagayawa kasuwa..."

Auta ta ce, "Maigida, lafiya kake zufa haka? An dace, aiki ya yi kyau. Amma Baba ya ƙi buɗe ido tun da muka baro asibiti, ko likita da ƙyar ya lallashe shi ya ƙirga yatsu. Wai ba zai ɓata sabon ido a kan kowa ba sai ya fara ganin dutsensa."

"Kuma ba zan je gabansa da wannan ƙasumbar ba," in ji Baba. "Auta, ce wa mai askin nan ya gyara mini fuska."

Ya lalubi kujera ya zauna, ido a rufe. Babu wanda ya fita daga shagon. Waɗanda ke waje ma suka matso.

"Yau kasuwa ta buɗe ke nan," in ji Baba. "Na ji numfashin mutane da yawa."

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Ka ƙara ruwan?"

Nasani ya ɗauko reza. "Maganar ruwa ai an gama da ita, Baba."

Bai taɓa yin aski mai kyau irin na ranar ba, kuma bai taɓa jan aski haka ba. Ya bi gashi ɗaya-ɗaya, yana fatan ƙasa ta tsage ko wuta ta ɗauke ko wani ya yi ihun gobara. Ba abin da ya faru. Aski ya ƙare. Kansa yana can yana ƙulla ƙaryar da zai yi a gida, hannunsa kuwa ya ci gaba da abin da ya saba shekara da shekaru. Ya ajiye reza, ya goge da tawul, ya miƙa ya ɗauki soson hoda.

Mai Walda ya yi tari. Dogo ya yi tari. Benci gaba ɗaya ya kama tari. Nasani bai farga ba sai da ya bubbuga wa Baba a wuya da kumatu, har sau biyu, da yalwa.

Baba ya ɗaga hannu ya shafa kumatunsa. Ya murza yatsu biyu a hankali. Mutumin da ya yi shekaru yana gani da yatsa ba a yi masa wannan wasan.

"Wannan ba hoda ba ce."

"Sabuwar shigowa ce, Baba, daga waje ake..."

"Auta, miƙo mini kwanon."

Ya zare tabarau ya buɗe ido. Abu na farko da sabon idonsa ya gani tun bayan yatsun likita shi ne kwanon hoda, da wani ɗan guntun farar sanda a tsakiya wanda bai gama rugujewa ba. Ya ɗaga kai, madubi ya nuna masa kwalbarsa a kusurwar shago, a bushe. Auta ta ja mayafin da ke kan tebur. Ga baƙin dutsen da aka dirje, ga farin ƙullutun da aka gasa, ga sauran suna zaune kamar waɗanda suka tsira daga yaƙi.

Baba bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Ya riƙe kwanon a cinya yana kallo. Nasani ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya so a ce marinsa aka yi.

"Shi wannan irin," in ji Baba a hankali, "da ruwa a jikinsa aka halicce shi. In ya bushe sai ya koma gari. Abin da na tsaya gaya maka ke nan a bakin ƙofa."

Ko Nasani ya gane nan ba wurin cewa "Na sani" ba ne.

Auta ta durƙusa ta karɓi kwanon, ta juye garin cikin kwalba ta rufe, hawaye na zubo mata. "Baba, ka yi haƙuri. Saboda shi ka yarda aka taɓa idonka."

Tsohon ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, daga goshi har haɓa.

"Yaushe kika fara kama da mahaifiyarki haka?" Ya share mata hawaye da babban yatsa, ya bar mata farin gari a kumatu. "Bar kuka. Abu biyu na samu ranar da aka haife ki, ga babban a gabana ina gani."

Jama'a suka sauke ajiyar zuciya. Nasani ma ya sauke tasa, har ya fara murmushi, hannunsa ya tafi wajen gashin baki. Da ya sani da bai taɓa shi ba, don nan idon Baba ya sauka.

"Wannan fa? Dama haka yake a fuskarka duk shekarun nan?" Ya tashi daga kujerar ya karkaɗe ta. "Zauna, ɗana."

Yau ga kalmar da Nasani ya daɗe yana jira, amma ba ta yi masa daɗin da ya zata ba. Ya zauna. Baba ya yafa masa mayafi ya ɗaure a wuya tamau, ya ɗauki injin aski yana jujjuya shi yana neman wurin kunnawa. Dogo ya yi tsalle ya nuna masa.

"Baba," in ji Nasani da 'yar murya, "ka taɓa yin aski kuwa?"

"Kai ka taɓa fasa dutse?"

"A'a, amma shi aski akwai yadda ake riƙe injin. In ka fara daga gefe, sai ka..."

"Na sani," in ji Baba.

Inji ya ɗauki ƙara. Wanzami dama ba ya son jarfa, Nasani ya runtse ido, ɓangaren dama na gashin bakin ya sauka a kan mayafi. Baba ya ja baya ya duba aikinsa da sabon ido, ya ce haka ma ya isa, na hagun a bar shi sai ranar da suka samo wani dutsen, don gobe da sassafe za su wurin fasa dutse, kuma ɗansa ne zai ɗauki guduma.

Mutane suka cika shagon har bakin titi, wasu a kan benci, wasu suna leƙe ta taga. A tsallake kuwa kifayen Dogo suna ta yawo a ruwansu, babu ko mutum ɗaya da ke kallonsu.